Radar yanayi, radar gajimare, ko a haɗa biyun? Ga mai nazarin ruwan sama a Saudiyya

Ƙannenmu da ke majistir ko dakta a fannin yanayi, a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST da ke Thuwal, da duk wanda wurin aikinsa ya ɗora wa rubuta takardar neman kuɗin na'ura, akwai mararrabar da sukan tsaya a kanta su rasa inda za su nufa. Shin a dogara da manyan na'urorin rada na Cibiyar Yanayi ta Ƙasa, waɗanda muke duba hotonsu a waya duk ranar da hadari ya haɗo ta gabashin Makka? Ko a nemi radar gajimare mai kallon sama a tsaye? Ko a haɗa su? Kuɗi ba sa isa a yi duka, shekarun karatu kuma ƙidayayyu ne.

Ra'ayina tun kafin a yi nisa: a busasshiyar ƙasa irin wannan, rada guda ba ta iya ba da labarin ruwa daga cikin gajimare har ya taɓa ƙasa. Amma haɗawar ba sai da miliyoyi ba. Inda aka dasa na'ura, da wanda zai kula da ita, sun fi tsadarta tasiri.

Ƙa'idoji biyu da komai ya rataya a kansu

Rada tana harba sigina ne ta saurari abin da ya dawo. Ƙa'ida ta farko, manyan ɗigo su ne masu babbar murya. Idan faɗin ɗigo ya ninka biyu, amon da yake mayarwa yakan ninka 64. Ɗigo ɗaya mai faɗin milimita 1 yana mayar da abin da ɗigo miliyan ɗaya masu milimita 0.1 za su mayar. Ɗigon da ke cikin gajimaren da bai fara zubarwa ba kuwa bai wuce milimita 0.01 zuwa 0.02 ba.

Ta biyu, gajeren zango, wato gajeriyar tazara tsakanin igiyoyin siginar da rada ke harbawa, ya fi jin ƙananan abubuwa. Rada mai zangon milimita 8.6 tana samun amo daga ƙaramin ɗigo wanda ya ninka na mai zangon santimita 10 kusan sau 18,000. Mai milimita 3.2 kuwa kusan sau miliyan ɗaya. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: gajeren zangon nan shi ne ruwa mai ƙarfi ke shanyewa kafin ya yi nisa. Abin kamar komar kamun kifi ne. Mai manyan idanu tana kama giwan ruwa ta bar ƙananan kifi su wuce, mai ƙananan idanu tana kama komai amma da ruwa ya cika da kifi sai ta gagara ja.

Da wannan za mu auna kowace: me take gani, iya ina take gani, nawa ake sayenta da riƙe ta, yaya take da zafi da ƙura da gishirin teku, wane ne zai iya sarrafa ta, sannan a ina take yaudarar mai ita.

Manyan na'urorin radar yanayi: rukunin S da C

Su ne masu farin ƙwallon nan a kan hasumiya kusa da filayen jirgin sama. Rukunin S yana aiki da zangon kusan santimita 10, rukunin C kusan santimita 5. Amurka ta zaɓi S, tana da wajen 160 a tsarin NEXRAD, kowace da eriya mai faɗin mita 8.5. Jamus ta zaɓi C, da guda 17 ta rufe ƙasarta. Na'urorin Jidda da Ɗa'if da Baha da Abha da Jizan, waɗanda aka yi nazarin hadarin kudu maso yammacin Saudiyya da su a wajajen 2008 da 2009, rukunin C ne.

Aikinsu faɗi ne. Suna juyawa su leƙa kilomita 200 ko fiye ta kowane ɓangare, su sake zagayowa duk minti 5 zuwa 10. Ga Jidda wannan batun rai ne. Ruwan da ya kashe mutum fiye da 120 ranar 25 ga Nuwamba 2009 ba a kan rufin gidajen unguwar Ƙuwaiza kaɗai ya zuba ba. A kan duwatsun gabas ya sauka, ya biyo wadi-wadi ya shigo unguwanni, har Jami'ar Sarki Abdul'aziz kanta bai bari ba. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 cikin awa 6 a kudancin garin, fiye da abin da Jidda ke samu a shekara biyu. Wanda ke son sanin inda hadari ya haɗu, ina ya dosa, wane kwari ne zai cika, babu abin da zai maye masa gurbin babbar rada. Sababbinsu suna harba sigina a kwance da a tsaye lokaci guda. Tunda babban ɗigo yakan baje idan yana faɗowa, bambancin amon biyu yana nuna ruwa ne, ƙanƙara ce, ƙura ce, ko garken tsuntsaye. Amurka ta gama wannan sauyi a 2013.

Kuɗinsu na gwamnati ne: miliyoyin dala ga kowace, ban da hasumiya da janareta da injiniyoyi. Amma suna da ƙarko. Na NEXRAD tun shekarun 1990 aka kafa su, har yau suna aiki bayan gyare-gyare. Ga ɗalibi, farashin ba kuɗi ba ne, izini ne: wasiƙa daga jami'a, sa hannun mushrif, wato malamin da ke duba aikinka, da haƙurin jiran amsa. Ka nemi ɗanyen bayani na kowane mataki na juyawa, kada ka yarda da hoto mai launi kawai, domin ba a yin risala, wato kundin digiri, da hoto.

Inda suke yaudara shi ne abin da ya kamata a daɗe a kansa. Duniya a lanƙwashe take, sigina kuma kusan miƙe yake tafiya. Idan an harba shi a kusurwar rabin digiri, a nisan kilomita 100 ya riga ya yi sama da kusan kilomita 1.5, a kilomita 200 ya haura 4. Kaurinsa ma a kilomita 100 ya kai kilomita 1.7. Ke nan abin da rada ke kira ruwan sama a can nesa, ruwa ne da ke rataye a sama. A ƙasashe masu laima yawancinsa yana isowa ƙasa. A nan kuwa, wanda ya taɓa bin hanyar Makka zuwa Madina da la'asar ya ga baƙin hadari yana sakin zare-zare masu toka-toka da ke narkewa a iska kafin su kai rabin hanya, kwalta a bushe ƙayau. Rada ta rubuta ruwa, ma'auni a ƙasa ya rubuta sifiri. Daɗin daɗawa, tsohon lissafin Marshall da Palmer na 1948 da ake juya amo ya koma milimita da shi, daga ruwan Kanada aka samo shi, inda ɗigo ba sa ƙafewa haka. A busasshiyar iska ƙananan ɗigo ne ke fara ɓacewa, manya su rage, amo ya ci gaba da ƙarfi alhali ruwan ya ragu.

Sai duwatsu. Tsaunukan Sarawat, da suka kai kusan mita 3,000 a Jabal Sauda kusa da Abha, suna tare sigina su bar kwaruruka a duhu. A bakin Bahar Maliya kuma iska mai laima da ke kwance ƙarƙashin busasshiya mai zafi takan lanƙwaso sigina ƙasa, ya bugi teku ko tudu, a ga ruwa a allo alhali sama fes take. Rukunin C yana da ƙarin ciwon kai guda biyu: ruwa mai ƙarfi yana rage masa ƙarfi, na'urorin Wi-Fi masu gigahaz 5 kuma suna zana masa layuka a hoto.

Ƙananan na rukunin X

Zangonsu kusan santimita 3 ne, eriyarsu mita 1 zuwa 2, ana iya ɗora su a kan rufin bene ko bayan mota. Suna gani da kyau zuwa kilomita 30 ko 60. Japan ta jera su a manyan biranenta tun 2010, suna ba da sabon hoto duk minti ɗaya. Farashin guda yana cikin dubban ɗaruruwan dala. Amfaninsu cike giɓi ne, a bayan dutse ko a ƙasan siginar babbar rada. Haɗarinsu: guda ɗaya tak a gaban hadari mai ƙarfi takan makance, ta ga bakin hadarin ta kasa ganin bayansa. Idan ba za a iya sayen biyu ko uku su riƙa kallon wuri ɗaya ta fuskoki dabam-dabam ba, a yi tunani sau biyu.

Radar gajimare: rukunin Ka da W

Ka tana aiki a gigahaz 35, wato zangon milimita 8.6, W a gigahaz 94, wato milimita 3.2. Yawanci a tsaye suke kallo, suna yanka sararin sama gunduwa-gunduwa na kusan mita 30, duk bayan daƙiƙa kaɗan. Abin da suke nunawa yana da ban sha'awa ƙwarai. Za ka ga siririn gajimaren ƙanƙara a kilomita 10 wanda babbar rada ba ta san da shi ba. Za ka ga ɓarɓashin ƙanƙara yana saukowa a hankali, kusan mita 1 a daƙiƙa, ya iso tsayin da yake narkewa, nan take gudu ya ƙaru zuwa mita 5 ko fiye, manyan ɗigo har 9. Za ka ga daidai tsayin da ruwan ya ƙafe. Ga mai tambayar yadda ruwa ke samuwa, ko me ya sa gajimaren Asir, yankin da Abha take, wani ke zubarwa wani ya watse, nan ne amsa take. Tun da Saudiyya ta fara shirin barbaɗa wa gajimare sinadari a 2022, a sararin Riyad da Ƙasim da Ha'il, tambayoyi irin waɗannan sun tashi daga sha'awar malamai sun zama na masu kasafin kuɗi.

Amma wuri ɗaya kawai take gani, sama da kanta. Hadari na iya wucewa kilomita 5 daga gefe, ta kwana ba ta rubuta komai ba. A garin da kwanakin ruwansa a shekara ba su taka kara sun karya ba, wannan babban haɗari ne ga mai shekara biyu kacal. Idan kuma ruwan ya zo mata da ƙarfi, ya jiƙa murfin eriya, siginar W takan mutu cikin kilomita kaɗan. Ko babu ruwa, tururin da ke iskar Jidda yana cin W sosai. Don haka a gaɓar teku Ka ta fi dacewa, W kuma a kai ta tudu irin Abha ko Ɗa'if, inda iska ta fi bushewa, hazo da ƙananan gajimare kuma suka fi yawa. Ƙwari ma suna cika mata kilomita 2 ko 3 na ƙasa da amon ƙarya a ranakun zafi, sai an tace.

Farashi dubban ɗaruruwan yuro ne. Masu ƙera su kaɗan ne, irin su Metek mai MIRA-35 da RPG mai ta gigahaz 94, dukansu a Jamus, don haka kayan gyara daga waje suke zuwa. MIRA-35 tana aiki da bututun magnetron, wanda ke tsufa a sauya shi. Ta RPG ba ta da bututu, wutar da take harbawa ba ta kai wat 2 ba. Dukansu suna son sanyi a cikinsu, wanda ya san zafin Makka da ke haura digiri 45 kuwa ya san cewa ranar da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya, aiki ya tsaya. Sannan ba ta cika amfani ita kaɗai ba. Tashoshin Cloudnet na Turai suna haɗa ta da na'urar leza mai auna gindin gajimare da wata mai auna tururi da ruwan da ke sama. A sa kuɗin waɗannan a lissafi tun farko.

Ƙaramar radar ruwa mai kallon sama

Wannan ita ce nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Ana kiranta MRR, tana aiki a gigahaz 24, farantinta santimita 60 ne, kamar na talabijin, wutar da take harbawa miliwat 50. Mutum biyu sun isa su kafa ta a kan rufi cikin yini ɗaya. Kuɗinta dubban gomomin yuro. Ba ta ganin gajimaren da bai fara zubarwa ba, kuma a ruwa mai tsanani ita ma takan raunana. Amma tana bin ɗigo daga kilomita kaɗan a sama har kusa da ƙasa, tana faɗin girmansu da gudunsu a kowane mataki. Wato daidai giɓin da babbar rada ta bari. Ba ta da abin da ke juyawa, abin da take buƙata shi ne a riƙa goge mata ƙura, a tabbatar tana tsaye daidai.

Taurarin ɗan'adam kuwa kyauta ne bayanansu. GPM, da aka harba a 2014, yana ɗauke da rada biyu, ta rukunin Ku da ta rukunin Ka. CloudSat ya yi aiki da gigahaz 94 daga 2006 zuwa 2023, EarthCARE ya gaje shi a 2024. Matsalarsu ba sa wucewa lokacin da kake so. Su na tabbatarwa ne, ba na dogaro ba.

| Na'ura | Abin da ta fi gani | Nisa | Kuɗi | Ƙarko da kulawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| S da C | ruwa, ƙanƙara, tafiyar hadari | kilomita 200 ko fiye | miliyoyin dala | shekaru da dama, da injiniyoyi | tana tsallake ƙasa, dutse na tare ta |
| X | ruwan cikin gari | kilomita 30 zuwa 60 | dubban ɗaruruwa | matsakaici | makancewa a ruwa mai ƙarfi |
| Ka | gajimare, yayyafi, ƙanƙarar sama | sama da kanta | dubban ɗaruruwa | tana son sanyi da ƙwararre | wuri ɗaya, kayan gyara nesa |
| W | siririn gajimare, hazo | sama da kanta | dubban ɗaruruwa | tana son sanyi da busasshen murfi | laima da ruwa na cinye sigina |
| MRR | ɗigo daga sama zuwa ƙasa | kilomita kaɗan a tsaye | dubban gomomi | mai sauƙi | ba ta ganin gajimare zalla |

Idan an haɗa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan ba sabon tunani ba ne. A 2006 an yi shi a Yamai, a ƙasar Nijar: shirin ARM na Amurka, mai auna sararin sama, ya kai radar gajimare mai zangon W, jami'ar MIT ta kai rada rukunin C, aka bi daminar Sahel da su tare a ƙarƙashin AMMA, shirin nazarin daminar Afirka ta Yamma. A Jamus an haɗa radar bincike mai suna POLDIRAD, rukunin C, da MIRA-35 ta birnin Munich, kilomita 23 tsakaninsu, suna yanka gajimare guda lokaci guda. Tunda manyan ƙanƙara suna amsa wa dogon zango da gajere ta hanya dabam, bambancin amon biyu yana faɗin girmansu, abin da ɗaya ba za ta iya ba.

Ribar haɗawa uku ce. Mai kallon sama tana gaya maka kashi nawa na ruwan da babbar ta gani ya iso ƙasa, sai ka gyara taswirar yankin da shi. Babbar tana gaya maka ko abin da ya wuce ta kanka tsakiyar hadari ne ko gefensa, ƙuruciyarsa ce ko tsufansa. Sannan suna kama kuskuren juna. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: idan awon babbar rada ya kauce da desibel 3 kawai, wato amon ya ninka biyu, lissafin ruwa zai kauce da fiye da kashi 50 cikin 100, kuma ba wanda zai gane daga hoto.

Sharaɗin shi ne wuri. Kada a dasa ƙaramar a gindin babbar, domin babbar ba ta ganin saman kanta. Kada kuma a kai ta kilomita 120, inda sigina ya yi kauri ya yi sama. Tsakanin kilomita 20 zuwa 50, ba dutse a tsakani, shi ne daidai. A ajiye ma'aunin ruwa da na'urar ƙirga ɗigo a gefenta. A daidaita agogon duka, domin kuskuren minti 3 ya isa ya sa ka kwatanta hadari biyu kana zaton ɗaya ne. A kuma nemi lasisin harba sigina daga hukumar sadarwa kafin na'ura ta iso tashar jiragen ruwa, ba bayan ta iso ba.

To, wanne ne naka?

Idan damuwarka ambaliya ce, gargaɗin Jidda da Makka da kiyaye alhazai a Mina da Arfa, babbar rada da ma'aunan ruwa a kan wadi-wadi su ne ginshiƙi. Inda dutse ya tare, a cike da X biyu ko uku. Radar gajimare ba za ta ceci unguwa ba.

Idan kai ɗalibin majistir ne mai shekara biyu, kada ka rataya risalarka a kan na'urar da ba ta iso ba. Nemi tsofaffin bayanan babbar rada, ka haɗa da na GPM. Kafin izini ya fito, ka koyi aikin da bayanan NEXRAD da ARM da Cloudnet, waɗanda ake saukewa kyauta, da manhajojin Py-ART da wradlib. Bayanan Yamai na 2006 suna nan a rumbun ARM, kuma ga ɗan Kano ko Maraɗi da ke shirin komawa gida, babu abin da ya fi su kusa da daminarsa.

Idan sashe ne mai ɗan kuɗi kaɗan, MRR da na'urar ƙirga ɗigo a cikin yankin da babbar radar gwamnati ke gani. A ganina wannan ne ya fi kowane zaɓi riba a kan kowane riyal, domin yana amsa tambayar da ta fi damun ƙasar nan: ruwa nawa ne ke ƙafewa a hanya.

Idan cibiya ce mai nazarin barbaɗa gajimare ko gyara manhajar hasashen yanayi, tana da injiniya na dindindin da kasafin shekara biyar ko fiye, to Ka tare da na'urar leza da mai auna tururi, a kan tudun Asir ko Ɗa'if, cikin kilomita 50 daga babbar rada. W ta biyo baya idan hazo da siririn gajimare ne abin nema. Idan babu injiniyan da kuɗin gyara a cikin takardar, a koma kan MRR har sai an same su.